Kundin Aikin Gina Ƙwayar Halitta a Kwamfuta

4 ga Janairu

Abin da nake son ginawa ƙaramin shirin kwamfuta ne da harshen Python wanda zai kwaikwayi ƙwayar halitta guda ɗaya ta jikin dabba: dunƙulalliya, faɗinta maikiromita 20, tantani ya kewaye ta, ruwan gishiri ciki da waje. Tambayar da ta ja ni ga aikin ita ce: tantanin nan yana yoyo, ayon, wato ɓarɓashin narkakken gishiri masu cajin lantarki, na ratsa shi dare da rana, to me ya hana ciki da waje su gauraye su zama ɗaya?

Alƙaluman farawa, duk a milimol cikin lita. A waje sodiyam 145, fotasiyam 4. A ciki sodiyam 12, fotasiyam 140. A jinin mutum kulorayid bai kai 149 ba, domin bayikabonet na riƙe da wani kaso, amma tunda ayon uku kaɗai zan fara da su, na ba shi 149 don cajin waje ya tashi babu ragi babu ƙari. Zafi digiri 37. Ruwan waje ba ya canzawa, komai ƙwayar ta zuba masa.

7 ga Janairu

Na rubuta ƙa'idar Nernst, wadda Walther Nernst ɗan Jamus ya fitar a ƙarshen shekarun 1880. Ga kowane ayon, tana faɗin ƙarfin lantarkin da zai tsayar da shi cak, ya daina shiga ko fita. A digiri 37, lissafin shi ne 61.5 sau logaridim na waje bisa ciki. Fotasiyam ya ba ni milibolt -95, sodiyam +67. Tsakanin waɗannan lambobi biyu duk rigimar take: fotasiyam na jan ƙwayar ƙasa, sodiyam na jan ta sama, babu wanda ya samu yadda yake so.

9 ga Janairu

Julius Bernstein ya yi hasashe tun 1902 cewa fotasiyam ne kaɗai ke ratsa tantani a lokacin hutu. Da haka ne, da an auna -95. Amma abin da ake aunawa a jijiya ya fi kusa da -70, saboda sodiyam ma na ɗan silalowa. Na sa lissafin Goldman na 1943, wanda Hodgkin da Katz suka yi aiki da shi a 1949 kan ƙatuwar jijiyar sikwid, dabbar teku. Na ari rabonsu: idan sauƙin wucewar fotasiyam 1 ne, na sodiyam 0.04. Sakamako -71. Ya yi daɗin gani, sai dai har yanzu ni na ba shirin yawan ayon da hannuna, bai samo su da kansa ba. Aikin gaske shi ne in bar yawan ya motsa.

12 ga Janairu

Karatu kawai yau, kan ƙofar fotasiyam da Roderick MacKinnon ya fitar da siffarta a 1998 daga wata bakteriya. Sodiyam ya fi fotasiyam ƙanƙanta, amma ƙofar ta fi barin babban ya wuce, domin idan ayon ya tuɓe ruwan da ke lulluɓe da shi, bangon ƙofar ya dace da girman fotasiyam ne daidai. Ba zan sa wannan a shirin ba, lamba ɗaya ta sauƙin wucewa ta ishe ni.

15 ga Janairu

Shirin ya haukace. Tun kafin ya yi taku ɗaya, ƙarfin lantarkin ya nuna bolt 3 da ɗoriya, ba milibolt ba. Ƙwayar gaske da tuni ta huje.

Na zauna da takarda da biro na bi sawun abin. Tantani kafasita ne, wato ma'ajiyar cajin lantarki, yana riƙe kusan maikirofarad 1 a kowace murabba'in santimita. Fatar ƙwayata ta ba da fikofarad 12.6. Don a samu milibolt 70 a kan wannan, ayon miliyan 5.5 ne kawai za su tsallaka ba tare da abokan cajinsu ba. Fotasiyam da ke cikin ƙwayar kuwa ya kai biliyan 350. Wato ɗaya cikin kusan 64,000. Idan aka mayar da shi milimol, bai wuce 0.002 ba. To alƙaluman farawa an yanke su ne a lamba ɗaya bayan ɗigo, kuma gibin milimol 0.1 tsakanin fozitif da negatif ya isa ya haifar da bolt 3.

Wannan ya gyara mini wani hoto da zanen littattafai ke sa wa mutum a kai, inda ake cika cikin ƙwaya da alamar negatif kamar duk ruwan ne ke da caji. Ruwan ciki ba shi da wani caji da za a iya aunawa da sinadari. Ɗan siririn layi ne manne da tantani ke ɗauke da bambancin. Amma tantanin kaurinsa nanomita 5 ne kacal, don haka milibolt 70 a kansa daidai yake da bolt miliyan 14 a mita ɗaya. Busasshiyar iska tana tartsatsi ne a wajen miliyan 3.

Gyara: shirin zai riƙa ƙirga cajin farko da kansa daga ƙarfin lantarkin da na zaɓa, ba ni zan rubuta ba.

16 ga Janairu

Wata sabuwa. Yanzu farawa lafiya, amma da na sa takun daƙiƙa ɗaya, layin sai ya hau lilo, sama da ƙasa, kowane juyi ya fi na baya, har lambobin suka fi ƙarfin kwamfutar. Dalili: ƙarfin lantarki yana sauyawa cikin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, yawan ayon kuwa sai an yi mintuna ko sa'o'i. Idan na rage takun zuwa kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa komai na zama lafiya, sai dai sa'a ɗaya ta rayuwar ƙwayar za ta ci taku miliyan 36. Na koma ga LSODA, wani tsarin warware lissafi na cikin SciPy, kundin kayan lissafi na Python, wanda ke rage taku inda abu ke gudu, ya faɗaɗa inda ya lafa. Sa'o'in ƙwaya yanzu suna ƙarewa kafin in ɗauke hannu daga madannai.

19 ga Janairu

Gwajin yoyo zalla, babu famfon da ke mayar da ayon da suka yoye. Fotasiyam na fita, sodiyam na shiga, kusan ɗaya bisa ɗaya. Ƙarfin lantarkin na hawa daga -71 a hankali yana nufar sifili. Babu abin mamaki.

Na ƙara abin da na kira X: furotin, fosfet, amino asid, ATP (man da ƙwaya ke ƙonawa don samun ƙarfi), da duk wani abu mai cajin negatif da ke kulle a ciki ba ya iya fita. Ban ƙago adadinsa ba, sharuɗɗa biyu ne suka tilasta shi. Dole jimlar narkakkun abubuwa a ciki ta yi daidai da 298 na waje, kuma dole caji ya daidaita. Da kulorayid na ciki a wajen 8, X ya fito milimol 138, kowanne da caji kusan -1.

22 ga Janairu

Na buɗe wa ruwa hanya, kuma a nan ne aikin ya sauya fuska.

Ruwa na ratsa tantani cikin sauri, ta cikin maiƙon kansa da kuma ta ƙofofin akwaforin da Peter Agre ya tabbatar da aikinsu a 1992. Don haka na sa girman ƙwayar ya riƙa bin jimlar abin da ke ciki. Na kunna, babu famfo. Da farko girman bai motsa sosai ba, domin musayar sodiyam da fotasiyam ba ta ƙara yawan komai. Amma da ƙarfin lantarkin ya fara raguwa, abin da ke korar kulorayid waje ya yi sanyi, sai ya fara shigowa, sodiyam na rakiyarsa. Gishiri ya shiga, ruwa ya bi shi. Ƙwayar ta kumbura, X ya tsinke, ƙarfin lantarki ya ƙara raguwa, kulorayid ya ƙara shigowa. Layin girman ya miƙe sama bai waiwayo ba. Na tsawaita lokacin, ko zai tsaya wani wuri. Bai tsaya ba.

Na ɗauka ɓaraka ce a shirin, na bi layi-layi ban ga komai ba. Ashe abin da Frederick Donnan ya bayyana ne a 1911: muddin akwai masu caji da aka kulle a gefe guda, ƙananan ayon za su rabu ta yadda gefen nan zai fi yawan narkakkun abubuwa, ruwa kuma zai yi ta shiga. Babu girman da zai daidaita lamarin.

Don in ga nauyin abin, na ƙafe girman, kamar an yi wa ƙwayar bango mai tauri. Ta tsaya a ayon masu cajin fozitif 237.5, kulorayid 93.5, da X 138. Jimla 469 ke nan a kan 298 na waje, a milibolt -12. Bambancin 171 yana nufin matsi fiye da ninki huɗu na matsin iska a bakin teku. Ƙwayar tsiro da ta bakteriya suna da bangon da zai jure irin wannan. Tantanin dabba kuwa ba ya miƙuwa fiye da kashi 3 cikin ɗari ko makamancin haka kafin ya yage. Yana da naɗe-naɗe da zai warware ya sayi lokaci, shi ke nan.

Na shigo aikin ina tunanin lantarki. Yanzu na ga matsalar farko ta ƙwayar dabba ita ce kada ta fashe.

27 ga Janairu

Famfo. Jens Christian Skou, a Aarhus ta ƙasar Danmak, shi ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa: enzayim mai fasa ATP wanda ba ya aiki sosai sai da sodiyam da fotasiyam tare. Sai bayan shekara 40 aka ba shi kyautar Nobel, a 1997. A kowane zagaye yana fitar da sodiyam 3, ya shigo da fotasiyam 2, ya ci ATP ɗaya.

Gwajin farko da famfo mai gudu ɗaya ba canji bai yi ba. Idan ya ɗan fi yoyon ƙarfi, sai ya kwashe sodiyam har lambar ta faɗa ƙasa da sifili, abin da ba shi da ma'ana. Idan ya ɗan gaza, ƙwayar ta kumbura, a hankali dai. Famfon gaske yana jin sodiyam na ciki: da ya ƙaru sai ya ƙara wuta, da ya ragu sai ya sassauta. Tunda gurbi uku ne dole su cika kafin ya juya, na sa gudunsa ya bi cikar gurbin sau uku.

Da wannan komai ya zauna. Sodiyam ya sauka ya tsaya a 12, fotasiyam a 140, ƙarfin lantarki a -77, layin girma ya kwanta. Na hargitsa shi da gangan, na fara da sodiyam 60 a ciki, ya dawo wurinsa. Na fara da ƙwaya kumburarriya, ta saɓe ta koma.

Yadda na fahimci abin: famfon na mayar da sodiyam tamkar wanda ba ya iya shiga, domin duk wanda ya shigo ana mayar da shi. Sai ya zama X a kulle a ciki yana jan ruwa, sodiyam a kulle a waje yana ja ta ɗaya gefen. Tosteson da Hoffman sun tsara wannan tunani na famfo da yoyo a 1960, da jajayen ƙwayoyin jinin tumaki. Abin da na gani a allo ba hutu ba ne. Kwalekwale ne mai yoyo da ake ta kwashe masa ruwa, layin ya kwanta ne don abin da ke shiga da abin da ake fitarwa sun yi daidai.

30 ga Janairu

Lissafin abin da ƙwayar ke biya. A milibolt -77, fitar da mol ɗaya na sodiyam na cin kilojul 13.9, uku sun kama 41.7. Shigo da fotasiyam araha ne, domin lantarkin ciki na taimakawa: biyun 3.5 kacal. Jimla wajen 45. ATP a cikin ƙwaya mai lafiya na ba da 50 da wani abu. Wato famfon na aiki dab da iyakar abin da man sa zai iya. Na gwada sodiyam 2 a ciki a takarda, ya kai kusan 59, ATP ɗaya ba zai ɗauka ba. Wannan ya burge ni fiye da komai zuwa yanzu.

Kuma biyan ba ya yankewa. A jikin dabba mai hutawa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na ATP wannan famfon ke cinyewa, a ƙwaƙwalwa kuwa yakan kai rabi ko fiye. Famfo ɗaya bai wuce zagaye ɗari ko makamancin haka a daƙiƙa ba, alhali ƙofa ɗaya buɗaɗɗiya na zubar da ayon miliyoyi a daƙiƙar. Shi ya sa ƙofofi ke zama a rufe mafi yawan lokaci, famfuna kuma ke da yawa.

3 ga Fabrairu

Na kashe famfon a tsakiyar gudu, kamar yadda gubar wabayin ke yi a ɗakin gwaji. Nan take ƙarfin lantarkin ya tashi daga -77 zuwa -71 idan ƙofar kulorayid a rufe take, tsallen bai kai haka ba idan a buɗe take, domin kulorayid na jan birki. Milibolt 6 ɗin nan shi ne duk gudummawar famfon kai tsaye, daga cajin nan ɗaya da ke fita a kowane zagaye. Sauran 71 daga yoyon fotasiyam suke. Daga nan sai gangara a hankali, sannan kumburin 22 ga Janairu ya dawo sak.

Don haka jimlar nan da ake yawan maimaitawa, wai famfo ne ke samar da lantarkin tantani saboda 3 ya fi 2, ba ta gamsar da ni. Na mayar da famfon 3 da 3 a shirin, ƙwayar ta ci gaba da zama negatif abinta.

Na tura wa wani malamina zanen. Ya amsa da cewa in duba jinin da ake ajiyewa a sanyi. Na ce, "Malam, ai ban sa zafi a gudun famfon ba." Ya ce to in sa. Gaskiyarsa: a wajen digiri 4 famfon kusan tsayawa yake, yoyo kuwa bai tsaya ba, shi ya sa fotasiyam ke taruwa a ruwan jakar jini yayin da take daɗewa. Haka nan idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ATP ya ƙare, ƙwayoyin na kumbura ta wannan hanyar.

Wani abin da ya tsaya mini: jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa kusan ba su da wannan famfo, cikinsu cike yake da sodiyam, amma ba sa fashewa. Na kare dai an san yana fitar da sodiyam ta hanyar musaya da kalsiyam. Tsirrai da naman gwari kuma famfon haidirojin suka dogara da shi.

6 ga Fabrairu

Share-share. Na raba shirin gida uku, na sa gwajin da zai yi ƙara idan caji ko jimlar ayon suka ɓace ba dalili.

10 ga Fabrairu

Na taɓa fotasiyam na waje. Daga 4 zuwa 8, ƙwayar ta nufi -66. Zuwa 2, ta nufi -85. Na ƙara wa sodiyam na waje milimol 4 ɗin nan, layin ko gezau. Dalilin a bayyane yake, rabo ake ƙirgawa ba bambanci ba, kuma 4 a kan 4 ninki biyu ne. Shi ya sa likitoci ke tashi tsaye idan fotasiyam na jini ya haura 6 da rabi, don bugun zuciya ya dogara da wannan lamba.

Sauyin bai zo gaba ɗaya ba. Ya yi tsalle, sannan ya ja jiki yana jiran kulorayid ya sake rabuwa, ƙwayar kuma ta ɗan kumbura. Hodgkin da Horowicz sun ga irin wannan jinkiri a tsokar kwaɗo a 1959. Ban sa shi da gangan ba, ya fito da kansa, kuma hakan ya ƙara mini yarda da shirin.

14 ga Fabrairu

Kalsiyam, kuma bai ƙare lafiya ba. A waje wanda ke sake milimol 1.2 ne, a ciki nanomol 100, bambancin ya haura ninki dubu goma. Na sa mai musayar da ke barin sodiyam 3 su shigo don ya fitar da kalsiyam 1. Ba ya cin ATP, tudun sodiyam da famfon ya gina yake gangarowa. Tunda uku ne, ƙaramin motsi na girma: sodiyam na ciki ya tashi daga 12 zuwa 15, mafi ƙarancin kalsiyam da zai iya kaiwa ya kusan ninka biyu. Ta nan digozin ke aiki, maganin zuciyar da aka samo daga dangin tsiron da William Withering ya yi rubutu a kansa a 1785: ya ɗan danne famfon, sodiyam ya ɗan taru, kalsiyam ya ƙaru, tsoka ta ƙara matsawa.

Wannan ɓangaren ya fito daidai. Matsalar ita ce gudu. Ɗan yoyo kaɗan sai kalsiyam na ciki ya yi tsalle ninki goma cikin ƙiftawar ido, LSODA ya rage taku har shirin ya koma rarrafe. A ƙwayar gaske mafi yawan kalsiyam da ya shigo furotin ne ke cafke shi, wani kuma a zuƙe shi cikin ma'ajiyar ciki, ɗan kaɗan ne ke yawo. Ƙwayata ba ta da ko ɗaya. Na gwada raba shigowar da lamba ɗaya tsayayya, ya kwantar da tsallen, amma ya ɓata gwajin caji, domin kalsiyam da aka cafke bai bar ƙwayar ba, cajinsa na nan. Na cire shi na ajiye gefe.

18 ga Fabrairu

Mataki na gaba, bisa tsari. Zan mayar da kalsiyam da ma'ajiya ta gaske, wadda ke kamawa tana saki, a ƙirga cajin duka. Zan sa zafi a gudun famfo in ga ko jakar jini za ta fito. Sannan kulorayid, wanda har yanzu bin lantarki kawai yake: a jijiyar da ta balaga wani furotin na tantani mai suna KCC2 na fitar da shi tare da fotasiyam, a ta jariri wani mai suna NKCC1 na tara shi a ciki, kuma ina son ganin yadda kowanne ke taɓa girman ƙwayar.

Babban aikin shi ne ƙwayar hanji mai fuska biyu: famfo a gefen jini kawai, a gefen hanji kuma mai shigo da sodiyam 2 tare da gulukos 1, hanyar da Robert Crane ya kawo shawararta a 1960, wadda ruwan gishiri da sukari na masu gudawa ya dogara da ita. Wannan na buƙatar tantani biyu, ƙarfin lantarki biyu, da hanyar da ke bi tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Shirin yanzu ya ɗauka waje ɗaya ne tak, don haka sai na sake rubuta sashen caji tun daga tushe kafin in taɓa sauran.